Mai Ƙanƙarar Ƙofar Ƙaura

Shekara talatin ina sayen ruwa mai tauri,
in lulluɓe shi da buhu da garin katako,
in yi tsere da rana daga Ƙofar Ƙaura
kafin jarina ya tsiyaye ta gindin baro.
Wanda ya sayar da ƙanƙara a Katsina
ya san dukiyar da ba ta jira.

Yau ga 'yata Sahura
a wani gari can ƙurewar arewa,
arewan da ta wuce Agadas, ta wuce teku, ta wuce lissafina,
inda abin da nake yankawa da naira
shi ne titi, shi ne tudu,
shi ake kwashewa a ƙofar gida da safe
kamar shara.

Ta ce, Baba, mu ɗari huɗu ne da 'yan kai.
Asibitinmu gado shida, ni ce mai aikin dare,
in akwai wani abu wai shi dare.
Makaranta ɗaya, yara goma sha tara,
malamarsu sai ta rataya bindiga in za su fita wasa
saboda wata farar dabba, ta fi bijimi,
ba ta jin tsawa.

Gidan waya tagar kanti ce kurum.
Mai kantin shi ke buga hatimi,
shi ke aski ran Asabar.
Jirgin ruwa sau biyu a shekara
yake kawo albasa, fulawa, man injin wuta.
In ya makara, lemo guda gida uku,
ba mai kai ƙara.

Wuta kuwa, ta ce, ba a taɓa ɗaukewa.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Ta ce, ba abin dariya ba ne, Baba.
Ku in an ɗauke, sai tabarma a tsakar gida,
mu in an ɗauke yini guda, sai gawa.
Mai kula da injin barcin mai jego yake,
kunne ɗaya a buɗe.

Ba a haihuwa a garin, ba a binnewa.
Mai ciki, da wata takwas a sa ta jirgi.
Ƙasar ta daskare, ta ƙi karɓar amana,
tsoho da ƙafarsa yake komawa inda ya fito.
Na ce, wane irin gari ne ba suna ba jana'iza?
To a ina kuke sanin juna?
Ta ce, a layin karɓar wasiƙa, ran Laraba.

Azumin bana ta kira, murya a sanyaye:
Baba, rana ta ƙi faɗuwa.
Wata biyu ke nan tana kewaya mu
kamar akuya a turke.
Yaushe zan sha ruwa?

Na tafi wurin Malam Tasi'u na masallacin layinmu.
Ya buɗe littafi, ya rufe, ya daɗe yana shafa gemu,
ya ce ta zaɓi garin da ke da dare ta bi.
Ta ce ta zaɓa tun kafin in gama faɗa.

Shi ya sa kullum, in ladan ya gyara murya,
nake barin masu ciniki a tsaye,
in ɗaga waya sama saitin lasifika
kamar mai miƙa wa wani abu ta kan katanga.
Can ta kurɓi shayi, rana tsaka a fuskarta.
Nan ni da kunun tsamiya
da guntun ƙarshe da na hana kowa saye.

Ba na jefa shi a kofi nan take.
Sai in damƙe shi a tafin hannu
har ya cije ni, har yatsu su mutu,
in ji garin da take.
Sannan in buɗe hannu.
Rabi ya riga ya tafi.
Bismillahi, Sahura.